Yadda Ake Zana Fuskar Waliyyi Mai Tuba da Alli Uku, Irin Aikin Masu Zanen Barok

Ɗaliban zane da masu yi wa majami'u hotuna sun daɗe suna aiko mini da tambaya iri ɗaya: yaya masu zanen Italiya na ƙarni na 17, wato masu salon da ake kira Barok, suke sa fuskar waliyyi ta ɗaga kai sama, ido cike da ƙwalla, har mai kallo ya ji abin a ƙirjinsa, amma idan mu muka gwada sai fuskar ta fito kamar ta mai ciwon haƙori? Ga tsarin aikin daki-daki. Zan ɗauki Waliyyi Bitrus a lokacin tubarsa a matsayin misali, domin fuskar tsoho ta fi yafe wa mai koyo kuskure, kuma da yawa daga manyan masu zanen wancan zamani, irin su Guido Reni da Guercino da Ribera, sun taɓa yin ta. Bi matakan a jere. Yawancin zanen da ke lalacewa, gaggawar kaiwa ga ido da hawaye ce ke lalata su.

Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Launi uku kawai ake bukata: baƙi, ja irin na jar ƙasa, da fari. Mutanen wancan zamani da dutse mai laushi da ake haƙowa daga ƙasa suke aiki. Kai kuwa za ka same su a matsayin fensir ko sanda a shagon kayan zane, na kamfanoni irin su Conté à Paris, Faber-Castell, Cretacolor ko Koh-i-Noor. Kada ka sayi akwatin launuka ashirin da huɗu. Sayi ɗaiɗai: baƙi biyu, ja ɗaya, fari ɗaya. Idan za ka zaɓi jan, nemi busasshe mai gari, kada ka ɗauki mai maiƙo, domin mai maiƙo ba ya murzuwa kuma fari ba ya hawa kansa.

Sai takarda mai launi mai ɗan kaushi, ruwan toka, ko shuɗi mai duhu-duhu, ko ruwan ƙasa. Canson Mi-Teintes da Fabriano Tiziano duk nauyinsu giram 160 ne a kowace murabba'in mita, kuma duk suna yi. Girman A3 ya isa. Ƙara da siririn gawayi na zane, robar gogewa mai laushi wadda ake matsawa da yatsu, reza, guntun sanfefa ta kafinta don fiƙe bakin alli, allon katako mai santsi, tef na takarda, madubi, da fitila guda ɗaya.

Fensiran huɗu za su yi maka zane da yawa, saboda haka su ne mafi araha idan aka daɗe. Takarda mai kyau ce ke cin kuɗi a kai a kai, don haka kada ka yi gwaji a kanta. Gwangwanin feshin da ke riƙe alli yana da tsada amma yana jimawa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne firam da gilashi, waɗanda sau da yawa sukan fi duk kayan zanen tsada. Idan aikin kwangila ne, sa kuɗinsu da na wanda zai zauna maka a cikin ciniki tun farko.

Don gwaji, takardar buhun siminti da aka kakkaɓe tana da launin da ake so, kuma kana iya yin gawayinka: cika ƙaramin gwangwani da siraran busassun itatuwa, huda murfin, saka shi cikin garwashi har hayaƙi ya daina fita, ka bar shi ya huce a rufe.

Hattara: takardar siminti tana bushewa ta kakkarye bayan 'yan shekaru. Kada ka yi aikin da za a rataye a kanta. Allin makaranta kuma ba ya kama takarda sosai, na gwaji ne shi ma.

1. Zaɓi waliyyi, sannan ka zaɓi lokaci guda

Kafin ka taɓa fensir, rubuta jimla ɗaya a bayan wata takarda: wane ne wannan, kuma me ya faru da shi yanzun nan? Ga Bitrus, buɗe Luka 22:54-62 ka karanta. Ya yi musun sanin Yesu sau uku, zakara ya yi cara, Yesu ya juyo ya dube shi, ya fita waje ya yi kuka mai zafi. A cikin wannan akwai aƙalla fuska uku: firgitar jin carar, kunyar haɗa ido, da roƙon gafara bayan kuka ya lafa. Masu zanen Barok sun fi ɗaukar ta ukun, kuma ita nake ba ka shawara. Mutum ne da ya gaji da kuka, ya ɗaga kai yana jiran amsa.

Wanda ya yi ƙoƙarin cusa tsoro da baƙin ciki da murna a fuska ɗaya, ba ya samun ko ɗaya.

Sai ka binciki kamannin da al'ada ta ba waliyyin, domin Katolika yana gane su tun daga nesa. Bitrus yana da gajeren gemu mai furfura a nannaɗe, da faɗin fuska, da mabuɗai. Bulus yana da dogon gemu da sanƙo da takobi. Jerom tsoho ne ramamme, da ƙoƙon kan mamaci da dutse a hannu. Maryamu Magadaliya tana da dogon gashi a sake da tulun turare. Faransis na Asisi yana da tabon ƙusa a hannuwa da igiya mai ƙulli uku a ƙugu.

Hattara: dogon gemu a fuskar Bitrus yana mai da shi Bulus. Wannan kuskure ne da kowane katikis zai gani kafin ya ga kyan zanenka.

Ka ba da yini guda ga kallo. Gidan tarihi na British Museum a Landan, da Metropolitan a New York, da taskar masarautar Ingila ta Windsor, duk sun sa hotunan zane-zanensu a intanet kyauta, kuma Windsor tana da tarin zanen Guercino da Domenichino mai yawa. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi har ka ga layin alli ɗaya-ɗaya. Lura da yawan wurin da suka bari babu komai.

2. Shirya takarda

Manna takardar a allo da tef a kusurwa huɗu, ka sa wasu takardu biyu ko uku a ƙarƙashi don laushi. Jingina allon a tsaye ko kusa da haka. Wanda ya yi zane a kan tebur a kwance, idan ya ɗaga sai ya ga kan ya yi tsawo.

Idan farar takarda mai kauri kawai ka samu, dafa shayi mai ƙarfi ba sukari ba madara, bar shi ya huce, ka shafa da soso daga sama zuwa ƙasa sau biyu, ka bar ta ta bushe a manne. Launin takardar shi ne launin fata na tsaka-tsaki, kuma fiye da rabin fuskar da shi za ta tsaya.

3. Mai zama da fitila

Nemi dattijo mai gemu wanda ya yarda, ka gaya masa ainihin abin da za a yi da hoton da inda za a rataye shi, domin ba kowa ne zai so fuskarsa a bangon coci ba. Kyan fuska ba sharaɗi ba ne. Malvasia, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Bolonya, ya ruwaito cewa Guido Reni ya taɓa zaunar da mai niƙa masa launi, mutum mai kaushin fuska, ya ce ya dubi sama, ya fitar da kyakkyawar fuskar waliyyiya daga gare shi. Abin da ake nema wajen mai zama shi ne yadda ƙashi da haske suke idan kai ya karkata.

Rufe tagogi ko ka yi aikin da dare. Sa fitila ɗaya a sama, gefe guda, ɗan gaba da fuskarsa, yadda hasken zai sauka a goshi da karan hanci da kunci ɗaya, ɗaya kuncin kuma ya nutse. A irin wannan zane hasken yana nuna inda amsar addu'a take fitowa, saboda haka dole mai zama ya fuskanci ɓangaren da hasken yake. Manna ɗan tef a bango can sama, kusa da fitilar, ka ce nan zai riƙa kallo. Ka ɗauki hoto da waya don ajiya, amma ka yi zanen daga mutumin.

Hattara: kada ya kalli ƙwan fitilar kai tsaye, ido zai tsuke, gira ta sauko, fuskar ta koma ta fushi. Kuma ɗaga kai yana gajiyar da wuya, musamman ga tsoho. Minti goma zuwa sha biyar, sai hutu.

Idan ba ka da mai zama, madubi yana nan. Ɗan Bernini, shahararren masassaƙin Roma, ya rubuta cewa mahaifinsa ya kai ƙafarsa kusa da wuta yana duban madubi don ya ga fuskar azaba lokacin da yake sassaƙa Waliyyi Lawrence. Ka ɗauki madubin, ka bar masa wutar.

4. Wuya da karkatar kai

Nan ne zanen yake tsayawa ko ya faɗi, kuma nan ne mutane suka fi yin sauri.

Da gawayi, a hankali yadda yatsa zai iya sharewa, fara da layin kafaɗu, sai wuya, sai ƙoƙon kai a kansa. Tsawon kan ya kai kamar santimita 18 zuwa 20, ka bar fili mai yawa a ɓangaren da yake kallo. Kan ya ɗaga sama kaɗan, ya kuma kwanta gefe guda kaɗan. Waɗannan motsi biyu tare su ne suke ba da taushin zuciya. Idan ya ɗaga kawai bai kwanta ba, sai ya zama mai duban jirgin sama.

Yanzu ja layin tsakiya daga goshi zuwa haɓa, ya bi lanƙwasar kai. Sannan layukan gira, ido, ƙasan hanci da baki. Idan kai ya ɗaga, dukansu suna lanƙwasa sama kamar bakin ƙwarya da aka kife aka ɗaga sama da kanka kana leƙen ta. Abubuwa huɗu suna biyo baya, kuma sai ka tilasta wa hannunka ya yarda da su: goshi yana gajarta, kan hanci yana matsowa kusa da layin ido har ƙofofin hanci su bayyana, kunne yana sauka ƙasa da inda ka saba sa shi, ƙarƙashin haɓa da maƙogwaro kuma suna fitowa fili. Auna da fensir a miƙe, ido ɗaya a rufe. Abin da ka auna shi za ka bi, ko da zuciyarka ta ce hancin ya yi gajere.

Jijiyar da ta taso daga bayan kunne zuwa ramin wuya tana miƙewa idan kai ya juya. Sa ta. Ita ce ke nuna cewa jikin duka yana cikin roƙon.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana fuska tana kallon gaba sosai, sannan a tura ƙwayar ido sama. Abin da ke fitowa mutum ne mai harara ko mai shirin suma. Duba zanen a madubi kafin ka wuce. Idan kan bai zauna a wuya daidai ba, share ka sake, gawayi ne.

5. Inuwa da baƙi

Kaɗa gawayin da tsumma har ya rage alama kawai, ka bi muhimman layuka da baƙin alli. Runtse ido ka dubi mai zama, za ka ga fuskar ta rabu biyu, haske da duhu. Zagaye iyakar duhun, ka cika shi da layuka a jere masu bin zagayen fuska, duk da nauyi ɗaya. Ramin ido na ɓangaren duhu, gefen hanci, ƙarƙashin haɓa, cikin gemu. Kada ka taɓa ɓangaren haske tukuna.

Murza da yatsa ko nannaɗaɗɗiyar takarda a wurare kaɗan kawai, sannan ka sake ja layi a kai. Zanen da aka murje ko'ina yana mutuwa. Sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka don kada ka shafe abin da ka yi.

6. Gira, ido, baki

Fara da gira. Charles Le Brun, a laccar da ya yi wa makarantar zane ta Paris a 1668, ya ce gira ta fi kowane sashe na fuska nuna abin da ke zuciya, kuma a aikace na ga gaskiyarsa. Don baƙin ciki da roƙo, kan girar da ke kusa da hanci yana ɗagawa, jelar tana sauka, fatar tsakiyar goshi tana tattaruwa da gajerun layuka. Idan kan girar ya sauko ya haɗe, fushi ne. Bambancin bai fi faɗin bakin fensir biyu ba, don haka yi shi a wata takarda sau da yawa kafin ka kawo shi nan. Ribera ya buga shafuka na idanu da kunnuwa da bakuna zalla a wajen 1622 don masu koyo su kwaikwaya, kuma har yau wannan atisaye yana aiki.

Ido ƙwallo ne a cikin rami, fata ta rufe shi. Idan ya kalli sama, baƙin idon yana shiga ƙarƙashin fatar sama har ta rufe wani sashensa, farin ido ya bayyana a ƙasa, kuma baƙin ba ya zama da'ira cikakkiya, yana ɗan matsewa. Idanun biyu su nufi wuri guda, wato tef ɗin da ka manna a bango. Idon da ke nesa da kai ya fi ƙanƙanta, karan hanci kuma yana iya rufe kusurwarsa.

Hattara: farin ido da yawa yana mai da waliyyi mai farfaɗiya. Siririn fili a ƙarƙashin baƙin ya isa. Kuma kada ka sa masa farin alli yanzu, launin takarda ya wadatar.

Bakin ya ɗan buɗe, kamar wanda numfashi ya tsaya masa tsakanin kalma da kalma. Zana duhun da ke tsakanin leɓuna da inuwar ƙarƙashin leɓen ƙasa, kada ka zagaye leɓunan da layi. Kusurwoyin su ɗan sauka ga mai tuba. Ga wadda ta nutse cikin zaƙin addu'a, irin Waliyyiya Teresa da Bernini ya sassaƙa a cocin Santa Maria della Vittoria a Roma, ido yana kusan rufewa, baki ya saki, goshi ya kwanta lumui. Wannan wata fuska ce dabam, kada ka ara mata girar Bitrus. Haƙora kuwa, in sun fito, alama ɗaya ce mara rabe-rabe.

A ganina gara ka tsaya ƙasa da abin da kake ji ya isa. Mai addu'a zai zauna gaban hoton nan shekara da shekaru, kuma fuskar da ke ihu tana gundura da wuri.

7. Ja

Jan alli na wurin da jini yake kusa da fata ne: gefen fatar ido, kusurwar ido ta ciki, kan hanci da ƙofofinsa, kunne, leɓe, tudun kunci, gaɓoɓin yatsu. Ga wanda ya sha kuka, jan da ke gefen ido da hanci ya fi hawaye faɗin labari. Ka kuma ja shi a siririn wurin da haske yake juyawa zuwa inuwa, nan fata take ɗumi. Rubens, wani babban mai zanen wancan zamani, gwani ne a wannan, duba zanen fuskokin iyalinsa ka ga ƙanƙantar jan da ya sa.

Idan mai zamanka baƙar fata ne, ko kana zana waliyyi irin Martin de Porres na Lima ko Benedict na Palermo, ɗauki takarda mai duhu kaɗan, ka shimfiɗa ja a ƙasa ko'ina a sassauce, ka hau shi da baƙi. Hasken goshi da kunci a baƙar fata ƙarami ne mai kaifi, yana da iyaka a fili.

Hattara: ja ba ya goguwa sosai, yana barin tabo. Fara da sauƙi, ka ƙara daga baya.

8. Hannu da alama

Hannu biyu a sarƙe a ƙarƙashin haɓa, ko ɗaya a kan ƙirji. Zana dunƙulen duka tukuna kafin yatsu, kuma ka tuna tsawon hannu ya kusa tsawon fuska daga haɓa zuwa goshi, masu koyo suna ƙanƙanta shi. Mabuɗan Bitrus su rataya a yatsa ko su leƙo daga gefe, da layi kaɗan. Tufafi layi biyar ko shida ne masu kauri. Da'irar haske a bayan kai, in za ka sa, siririn layi ɗaya ya isa.

9. Fari da hawaye

Fari ne na ƙarshe, kuma kaɗan ne. Goge wurin da za ka sa shi da roba har takarda ta fito tsaf, sannan ka ɗora: tudun goshi, karan hanci, saman kunci, 'yan silin furfura a gemu, gefen leɓen ƙasa. A ido, ɗigo ɗaya a kan baƙin, ta ɓangaren fitila, da siririn layi a bakin fatar ƙasa inda ƙwalla take taruwa. Wannan layin shi ne ke sa ido ya jiƙe.

Hawaye ɗaya ko biyu. Ruwa ba shi da launi, don haka abin da ake zanawa shi ne siririyar inuwa a gefensa, ɗigon fari a samansa, da ɗan haske a ƙasansa. Ya bi tudun kunci yadda kan ya karkata, wato idan kan ya ɗaga sosai, hawayen yana gangarawa wajen kunne.

Hattara: fari a kan baƙi yana ba da toka mai shuɗi-shuɗi mai datti, fari a kan ja da yawa yana ba da launin hoda. A bar takarda tsirara tsakanin fari da inuwa koyaushe.

Ajiye zanen ka kwana, ka dube shi da safe daga taku biyar. Rufe idanun da yatsa. Idan wuya da gira da baki ba su nuna tuba ba sai da ido, koma mataki na 4 da na 6.

10. Feshi, firam da miƙawa

Yi feshin a waje, allon a tsaye, gwangwanin nesa da takarda kamar santimita 30, sau biyu a sassauce da ɗan jira a tsakani. Feshi yana dusashe fari, saboda haka sake taɓa ɗigon ido da karan hanci bayan ya bushe. Feshin gashi na mata yana riƙe alli, amma yana iya sa takarda ta yi rawaya daga baya, a bar shi ga zanen gwaji.

Gaya wa mai firam ya sa kwali mai taga tsakanin zanen da gilashi, kada su haɗu, in ba haka ba allin zai koma jikin gilashin. Ya like bayan firam ɗin da tef saboda ƙurar hunturu da kyankyasai. Kada a rataye shi a bangon da ke jiƙa da damina, ko inda rana ke bugawa, ko dab da inda ake kunna kyandir.

Idan na coci ne ko ɗakin addu'a, kai wa Fada zanen gawayi na mataki na 4 tun kafin ka yi nisa. Tun babban taron ikilisiyar Katolika na Trent a 1563 aka ba shugabannin ikilisiya ikon duba hotunan da za a sa a wurin ibada, kuma gyara a gawayi kyauta ne, gyara bayan ja da feshi kuwa sabuwar takarda ce. A bayan zanen rubuta sunan waliyyin da ayar da ka ɗauka da shekara da fensir, kada ka yi da biro, tawadarsa tana ratsa takarda ta fito ta gaba.